Kawu Nomau da Igiyar Akwatin Wifi

Shekarar da aka rufe boda, wadda kuran, wato wutar lantarki, ya zama baƙo a Dakoro, ya leƙo da hantsi ya tafi kafin azahar, a shekarar ce Kawu Nomau ya kusa korar wani bawan Allah daga garin nan saboda igiya. Allah ya jiƙan Kawu. An hore mu da ambaton mamatanmu da alheri, kuma zan yi in sha Allahu, sai dai ku yi mini haƙuri zuwa can ƙarshe, don alherin nasa a ƙarshe ya ajiye shi.

Ga wanda bai san shi ba, yayan mahaifiyata ne, dillali a kasuwar bisashe tun ina ɗaukar allo. In ya ɗaga leɓen sa ya dubi haƙora ya ce lafiya lau, to magana ta ƙare. Bafillatanin Azagor da alhajin Maraɗi duk su yarda ba tare da rantsuwa ba. Wannan nasa ne, ba mai ƙwace masa. Amma kan nan da ya san shanu bai san komai ba bayan shanu, kuma bai san cewa bai sani ba.

Ba ka ganin sa sai da igiya a kafaɗa. Kun san al'adar kasuwa: mai sayar da dabba yakan kwance igiyarsa ya koma da ita, mai saye ya zo da tasa, don makiyaya na cewa wanda ya tafi da igiyarka ya tafi da albarkar garkenka. Kowane mai hankali a bakin kasuwa yake barin wannan al'ada. Kawu shi kaɗai ya jawo ta har cikin gida. Ya sayi guga, sai ya kwance igiyar ya bar wa mai shago. Wata jajibirin Sallah ya je karɓar ɗinki, ya ga wando da zariya a ciki, ya tsaya nan gaban tela ya zare ta ya miƙa masa.

"Baba Nomau, ai tare suke!"

"Wando na ba ka ɗinki ko igiya?"

"To da mi za ka ɗaure?"

"Ina ruwanka da ƙuguna?"

Washegari ya ɗaure wandon shadda da igiyar shanu ya tafi Idi, bakinta na lilo ƙarƙashin riga kamar wutsiya. Ina sahun bayansa. Da aka ɗago daga sujada, wanda ke kusa da ni ya taka wutsiyar bai sani ba, Kawu ya miƙe, igiya ta ce ba ta san wannan ba. Raka'a ta biyu da hannu guda ya yi ta, ɗayan na ƙugu. Ban yi dariya a sahu ba, Allah shaida. Na riƙe ta sai da liman ya sallame.

To, da aka rufe boda masu sayen shanu suka rage zuwa da ƙafarsu. Kowa ya zauna inda yake ya ce a turo masa hoton sa, a turo bidiyonsa yana tafiya. Dole Kawu ya ajiye akwatin wifi a zaure, wanda yara ke kira modam, yana tura hotuna yana bin su da saƙon murya mai tsawon huɗuba. Wata rana kuran ya dawo da fushi, akwatin ya yi ƙauri, ya mutu.

Sai ya tafi butik, wato shagon Tsahiru da ke kusa da tasha. Tsahiru magidanci ne mai ƙananan 'ya'ya, kuma ɗan aminin Kawu ne da ya rasu. Wayar salula yake sayarwa da pano na wutar rana da batir da tocila, kuma yawancin cinikinsa na makiyaya ne ranar kasuwa. Ya ciro sabon akwati daga kwali, ya cire katin layi daga tsohon ya sa masa, ya cusa igiyar wutarsa a bango, fitilu suka kama kore shar. Ya tura hoto a gaban Kawu, hoto ya tafi kamar kibiya. Aka yi ciniki. Kawu ya sa hannu ya zare igiyar wutar nan mai baƙin dunƙule a kai, ya ajiye ta bisa tebur, ya rungumi akwati.

"Baba, ka manta igiya."

"Ban manta ba. Ina da tawa."

"Taka ta tsohon ce. Ba ta ba da ƙarfin da wanga yake so. Kamar ka ba raƙumi abincin akuya ne."

"Kai za ka gaya mini abincin raƙumi? Ubanka, Allah ya jiƙan shi, bai taɓa miƙo mini igiya ba."

"Baba, wanga fa ba dabba ba ne."

"Yana ci?"

"Yana cin kuran."

"Yana ciwo?"

"Yakan lalace, i."

"Yana mutuwa?"

Tsahiru ya dubi tsohon akwatin da ya ƙone.

"To mi ya rage mashi, ƙaho?"

Ya fita abinsa. Kun ji tushen abin ke nan. Babu aljani, babu sammu, babu laifin masu rezo, wato kamfanin layin waya. Igiya ce tsohon nan ya bari bisa tebur da hannunsa.

Da ya iso gida ya cusa tsohuwar igiya a bayan sabon akwati. Ƙaddara ta sa bakinsu ɗaya, ta shige daidai. Fitilu suka kama. Kawu ya dube ni, don ina zaune a zauren, ya ce, "Alaramma, ta shiga ko ba ta shiga ba?" Haka yake kira na in yana son ya yi mini ba'a. Na ce ta shiga. Ya ɗauki salula ya tura hoton wani bijimi. Hoto ya fara tafiya, ya kai tsakiya, sai fitilun akwati suka mutu ɗif. Can suka sake kamawa ɗaya bayan ɗaya. Ya sake turawa, suka sake mutuwa. In an bar shi ba aiki, ga shi nan kore shar kamar mutumin kirki. Da an ɗora masa kaya sai ya durƙushe.

Daga nan aka shiga jinya, kuma ku ji irin jinyar.

Da fari ya ce baƙunta ce. Sabuwar saniya ba ta sakin jiki sai an ɗaure ta kusa da 'yar gida. Ya ɗauko tsohon akwatin da ya ƙone ya jingina shi da sabon, kafaɗa da kafaɗa. Matarsa, Inna Habsu, ta leƙo ta ga abin, ta ce, "Mai gida, gawa ce za ta koya mashi gida?" Ya ce mata ta koma madafa.

Sai ya ce zaure ya yi masa ƙunci, yana son iska. Ya ja waya har gindin bedin da ke tsakar gida, ya ɗora akwati a reshe, ya zauna ƙarƙashinsa yana gadi kamar mai kiwo. Akwati ya sha iska, ya sha kashin kurciya, bai tura hoto ba.

Sai ya ce tatsar sa ake yi. Samarin unguwa ne ke laɓewa bayan katanga suna shanye rezon kafin ya iso gare shi. Ya sa aka canza kod, wato lambar sirrin akwatin. Da yake ba ya riƙe abu a ka in ba shekarun saniya ba, ya ce in rubuta masa kod ɗin a bangon zaure, amma da ajami, don kada 'yan lakwal, wato 'yan boko, su gane. Na ce, "Kawu, duk ɗan lakwal ɗin da ke unguwar nan ya biya allo a gabana." Ya ce in rubuta dai. Na rubuta da baƙi mai kyau har da wasali. Kafin la'asar samari sun jera a bayan katanga. Sai dai su ma ba su samu komai ba, don da sun taru a kan akwatin sai ya suma. Ɗaya daga cikinsu har ya leƙo ya ce, "Baba, don Allah a gyara, muna shan wahala."

Daga nan ya juyo kaina. Ya ce baki ne ya kama akwatin, in yi masa rubutu.

Na ce, "Kawu, rubutu sha ake yi. Ina bakinsa?"

"A shafa mashi."

"A shafa ruwa ga abin kuran? Ni ba zan rubuta sunan Allah a zuba wa roba ba. Maganinsa na bisa teburin Tsahiru, ka aika a ɗauko."

Ya gyara zama ya ce, "Alaramma, kai ka san baƙi da wasali, ni na san haƙori da kofato. Tunda nake ban taɓa ganin dabbar da igiya ta sa wa ciwo ba. Da ciwonta aka sayar mini da ita."

Nan ne dariya ta fara ƙarewa. Wani alhaji a Maraɗi na jiran hoton wani jan bijimi, ya jira har ya gaji. Mai bijimin shi ma ya gaji, ya ja abinsa ya kai wa wani dillali, aka sayar a gaban idon Kawu. Ranar kasuwa ce, jama'a cike. Kawu ya tsaya tsakiyar kasuwar bisashe ya ɗaga murya ya ce Tsahiru mai butik macuci ne, ya sayar masa da abu mai ciwo yana sane, duk wanda ya shiga butik ɗinsa ya kuka da kansa.

Bakin da ya yi shekaru yana cewa wannan lafiyayye ne, wannan maras lafiya ne, kuma ba a taɓa kama shi da ƙarya ba, shi ne ya faɗi haka. Makiyayi bai san akwati ba, amma ya san Nomau. Kafin rana ta faɗi magana ta hau moto, wato babur, ta kai Korahane, ta hau raƙumi ta kai Azagor.

Mutanen gari kuwa, kai, Allah ya shirye mu! Duk fadar hira da ka zauna an san labarin igiyar nan, ana shan shayi ana ƙyaƙyata shi. Amma babu wanda ya tashi ya je kasuwa ya ce, jama'a, ba haka ba ne. Labarin ya yi musu daɗi, ba su son ya ƙare. Na faɗa inda bakina ya kai, amma wa zai bar maganar dillali a kan ciniki ya ɗauki ta malamin allo?

Tsahiru ya naɗe igiyar ya kawo har gida. Ya durƙusa a ƙofar zaure ya ce, "Baba, don Allah a gwada ta ko sau ɗaya. In bai yi ba na yarda ni macuci ne."

"Ka cuce ni a butik, ka biyo ni gida da igiya? Garkenka kake son in kwashe? Tashi ka ba ni wuri!"

Yaron kirki, ya mayar da igiyar aljihu. Aminin ubansa ne, ya zai yi? Ya tashi ya tafi.

Kasuwa ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, butik ɗin Tsahiru ba kowa sai ƙuda. Masu kawo salula caji ma suka koma wani wuri. Na bi ta wurin wata rana na tarar yana jera kaya a kwali. Ya ce mini bayan kasuwa mai zuwa zai rufe, ya kai iyali ƙauye wurin surukai, shi kuma ya hau mota zuwa Agadas neman abin yi. Ya ce, "Malam, mutum na zama gari da talauci, amma ba ya zama da sunan macuci."

Ya je yi wa Inna Habsu bankwana ta ƙofar baya, don ita ta goya shi yana jariri. Ta saurare shi har ya gama, ta ce, "Ina igiyar?" Ya kawo mata. Da Kawu ya tafi sallar la'asar ta shiga zaure ta zare tsohuwar ta cusa sabuwar, ta tura dunƙulen bayan buhun dusa.

Kawu ya dawo ya tura hoto kamar yadda ya saba, don ya samu abin zagi. Hoto ya tafi. Ya tura bidiyo, bidiyo ya tafi. Tabɗi! Sai ga tsoho ya fito ƙofar gida yana kiran mutane. "Ban gaya muku ba? Ya saba da gida! Haƙuri dabba ke so. Mai ciwo aka sayar mini, ni na yi jinyarsa da hannuna!" Wato maganin ma ya zama sabon zagi ga Tsahiru.

Inna Habsu ta bari sai da jama'a suka watse, ya rage daga ni sai shi. Ta shigo da mayafinta, ta jawo buhun dusa gefe.

"Mai gida, kai da ke duban haƙori, dubi nan da kyau."

Ta zare sabuwar igiya ta cusa tsohuwar. "Tura." Ya tura, akwati ya suma. Ta mayar da sabuwar. "Tura." Ya tura, hoto ya tafi. Ta sake yi, har sai da Kawu ya ajiye salular a tabarma.

"Yaron nan da na goya zai bar gari saboda bakinka. In ya tafi, 'ya'yansa nan zan kwaso su, kullum su zauna gabanka kana cin tuwo suna kallon ka."

Ta cusa tsohuwar, ta naɗe sabuwar igiyar ta sa a bakin zane.

"Ina za ki da ita?"

"Wurin mai ita. Ai ba a riƙe igiyar mutane a gidan nan."

Ta fita. Muka rage mu biyu, akwati na ta mutuwa yana tashi a gefenmu. Can Kawu ya yi gyaran murya, bai dube ni ba.

"Alaramma, wanda ya ɓata sunan mutum a kasuwa, in ya kira shi ɗaki ya ba shi haƙuri, ya wadatar?"

Na ce, "Inda aka zubar, nan ake kwashewa."

Ya sosa ƙeya. Ya ce, "Ba ka da wani littafin?"

Na ce duk littattafan bakinsu ɗaya.

Ranar kasuwa ya sa babbar rigarsa, ya tafi butik, ya kama Tsahiru a wuyan hannu ba sallama ba bayani, ya ja shi ta cikin tumaki da jakai har tsakiyar kasuwar bisashe, daidai inda ya tsaya wancan karon. Ya hau bisa wata amalanke. Jama'a suka taru, suna zaton zagaye na biyu ne, har wasu na gyara tsayuwa.

"Jama'a, kun san ni?"

"Mun san ka!"

"Na taɓa ce muku mai ciwo lafiyayye ne?"

"A'a!"

"To na taɓa ce muku lafiyayye mai ciwo ne, kuma ga shi nan na riƙo. Na koma na duba garken duka. Akwatin lafiya lau. Yaron nan lafiya lau, gaskiyarsa irin ta ubansa. Dabba guda ce mai ciwo a cikin maganar, ga ta tsaye bisa amalanke. Wanda ya kai waccan magana Azagor ya kai wagga. Wanda ya kai ta Korahane, in ba shi da mai a moto ya zo in zuba mashi."

Kasuwa ta ɗauki dariya. Ku zo ku ga mutanen fada, kowa na cewa, "Ai dama mun sani, ai mun faɗa." Wa kuka faɗa wa? Butar shayi?

Kawu ya sauko. Ina kusa, na ji abin da jama'a ba su ji ba. Ya rage murya ya ce, "Tsahiru, na ci haƙƙinka. Ka yafe mini don Allah." Tsahiru ya durƙusa yana share ido da hannun riga, ya ce, "Baba, wallahi ya wuce." Ya ciro igiyar daga aljihu ya miƙa masa. Kawu ya dube ta kamar maciji. Ya ce, "Aro ka ba ni. Ku shaida, aro ne."

Bai tsaya nan ba. Suna ba ya dawowa da huɗuba ɗaya, shi ma ya sani. Daga ranar, duk kasuwa in ya gama da shanu sai ya shimfiɗa buzunsa a ƙofar butik ɗin Tsahiru. Duk makiyayin da ya gifta sai ya kira shi da sunan ubansa: "Zo nan! Shiga ka saya, ni na tsaya." Wani Buzu ya tsaya tambayar hanyar tasha, ya fita da tocila da batir bai san yadda aka yi ba. Kwalayen nan aka kwance su, kaya suka koma kanta, iyali ba su je ƙauye ba. Haka ya yi ta yi har ƙafa ta gaza kai shi kasuwa.

Bayan damina ta gaba ya kwanta, bai daɗe ba Allah ya karɓi abinsa. Da aka ajiye shi za a yi salla, liman ya yi tambayar da ake yi: duk mai bin marigayi wani haƙƙi ya fito ya faɗa, ko ya samu iyalinsa. Na ga kawuna suna juyawa a hankali wajen Tsahiru, don mutanenmu ko a gaban makara ba su rasa son kallo. Yana sahun farko. Ya ɗago kai ya ce, "Ni dai ya biya ni, da ƙafarsa ya zo ya biya."

Ya Allah, ga bawanka Nomau ya zo maka da taurin kansa da gaskiyarsa. Ka san su duka fiye da mu. Ya sauke nauyin bawanka tun yana da numfashi, kai kuma ka fi kowa yafiya. Ka yafe masa, ka yalwata masa makwanci, ka ba Inna Habsu haƙuri irin wanda ta yi da shi yana raye. Mu kuma da muka yi dariya, ka ba mu ikon roƙon gafarar juna tun ƙafafunmu na kai mu. Amin.